Wane Faifan Suspiria Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk mai niyyar sayen Suspiria, fim ɗin ban tsoro da Dario Argento ya fitar a Italiya a 1977, ya sani launi da sauti zai saya. Labarin bai taka kara ya karya ba: wata 'yar Amurka, wadda Jessica Harper ta fito a matsayinta, ta tafi makarantar koyon rawa a Freiburg ta Jamus, ashe gidan mayu ta faɗa. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne ja da shuɗi da kore da mai ɗaukar hoto Luciano Tovoli ya watsa a bango da fuskoki, sai kiɗan ƙungiyar Goblin, mai ƙararrawa da raɗa, da ke tayar da tsikar jiki. In waɗannan suka dusashe, an yi asarar kuɗi.

Shi ya sa ni dai faifan kamfanin Synapse Films na Amurka nake so. Daga ainihin fim ɗin da aka ɗauka da kyamara suka yi gyaransu, kuma Tovoli da kansa ya sa ido a kan launin. Sun fitar da Blu-ray a 2017, sannan 4K, wanda hotonsa ya fi fita tangaran, a 2019, cikakke ba yanka, tare da sautin asali mai hanyoyi huɗu. Kalli farkon fim ɗin kawai, inda yarinyar ke cikin tasi ana sheƙa ruwa, fitilu na sauya launi a fuskarta. Jan ya fito jawur bai cinye fuskar ba, duhun kuma baƙi ƙirin. Yana da tsada, amma ya ci kuɗinsa.

Na CultFilms na Birtaniya ba laifi, sai dai a idona launinsa bai kai ba. DVD ɗin Anchor Bay na 2001 kuwa zamaninsa ya wuce.

Inda za ka buɗe ido shi ne wajen masu jabu. Wani ɗan kasuwa a intanet ya taɓa turo mini faifai da kwali mai ƙyalli, an rubuta 4K ɓaro-ɓaro, ina sakawa na ga hoto ya koɗe, jan ya koma ruwan ƙasa, an kuma datse kisan farko. Tun daga nan ba na biya sai an nuna mini hoton bayan faifan da bayan kwalin. In ƙasan faifan ya yi shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda, a kwamfuta aka kwafa. Duba tsawonsa: cikakken yana kai minti 98, wanda aka fara nunawa a Amurka an rage shi. In ka ga awa biyu da rabi, na Luca Guadagnino ne na 2018, wani fim daban. Mai suna Suspiria 2 kuma Profondo Rosso ne, wani fim ɗin Argento na 1975, da aka sauya wa suna a Japan. Kada ka manta da lambar yanki, don in ta faifai ta saɓa da ta na'ura ba zai yi ba: Blu-ray na Amurka A ne, na'urorin Turai da Afirka B, faifan 4K ne ba ruwansa da wannan. Kuma akwai jini sosai, a bari yara su kwanta tukuna.