Gidan zanen Van Gogh a Amsterdam, kuɗina bai tafi a banza ba

Ni fa gaskiya zane bai taɓa damuna ba, wani abokin aikina ne ya ja ni lokacin da muka je kwas Holan, ya ce wlh ba za mu koma gida ba sai mun leƙa. Tikiti a intanet ake saya ka zaɓi rana da awa, kar ka ce za ka je ƙofa ka yi roƙo irin namu, gara ka saya tun da wuri. Gidan yana filin Museumplein, an buɗe shi 1973, kuma akwai zanen fenti wajen 200 na mutumin, wato Vincent van Gogh, mai zane ɗan Holan, ban da wasiƙunsa sama da 700.

Shawarata ka ƙara kuɗi ka karɓi na'urar nan da ake maƙalawa a kunne tana maka bayani. Ba don ita ba da zagayawa kawai zan yi in fito ina cewa to me aka yi.

Wanda ya tsayar da ni shi ne zanen masu cin dankali na 1885. Duhu sosai, mutum biyar sun zagaye akushi ɗaya ƙarƙashin fitilar mai, wata tsohuwa na zuba kofi, yatsunsu duk sun yi kanta sun lanƙwashe saboda noma, fuskokin kuwa kalar dankalin da ba a wanke ba, kuma da gangan ya yi haka. Na daɗe a gabansa har abokina ya taɓo ni, don tuwon dare a gidan kakata ya tuna min. Daga nan sai ka ƙara gaba ka ga mutumin ya je Paris 1886, kawai launi ya fashe, rawaya da shuɗi ko'ina, kamar ba hannu ɗaya ba ne. In ka matsa kusa da zanensa na furannin nan masu bin rana za ka ga fentin ya yi tudu tudu kamar yaɓen ɗaki. Zanen ɗakin kwanansa na garin Arles a Faransa kuma ashe bangon ba shuɗi ba ne asali, ruwan bula mai ja ja ne, jan ya koɗe da shekaru.

Amma labarin ƙaninsa Theo ne ya fi taɓa ni. Vincent sai da ya kai 27 ya fara zane gadan gadan, kusan ba mai saye, ƙanin nan ne ke turo masa kuɗin abinci da na fenti shekara da shekaru, har lokacin da Vincent ya yanke kunnensa a Disamba 1888 ya kwanta asibitin taɓin hankali bai yar da shi ba. Da aka haifa wa Theo ɗa farkon 1890 ya yi wa wansa takwara, shi kuma ya zana wa jaririn reshen bishiya mai farin fure a kan shuɗin sama, yana nan rataye. A Yulin shekarar Vincent ya rasu yana 37, bayan wata shida Theo ya bi shi. Matar Theo, Jo, ita ta riƙe zanukan ta yi ta tallata su, jaririn nan kuma da ya girma shi ya tsaya aka gina gidan.

Kuskurena ɗaya, na yi ta neman shahararren zanensa na dare mai taurari, ashe yana New York. Cunkoso kuma akwai, wasu ko kallo ba sa yi sai ɗaga waya, saboda haka ka ɗauki awar safe. Mun yi awa uku, ƙafata ta gaya min. A shagon ƙasa na sayi katin masu cin dankalin guda biyu, ɗaya na ba Yayana.