Turkish ko Ethiopian: wane jirgi ya fi wa mai zuwa sarin kaya Guangzhou a China?

Kamfanonin biyu duk suna da alaƙa da soja tun asali. An kafa Turkish Airlines a 1933 ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Turkiyya da jirage biyar kacal, sai a 1935 aka mayar da shi ma'aikatar ayyuka. Ethiopian kuwa a 1945 aka kafa shi da taimakon kamfanin TWA na Amurka, ya fara da jiragen C-47, rarar da sojan Amurka suka bari bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tashinsa na farko a 1946 daga Addis Ababa ne zuwa Alƙahira ta Asmara. Yau duk biyun suna ƙungiyar ƙawancen kamfanonin jiragen sama ta Star Alliance.

Ga ɗan kasuwar Kano, wurin tashi ne ke fara raba gardama. Ethiopian yana sauka filin Malam Aminu Kano. Turkish kuwa Abuja da Legas ne manyan tashoshinsa, don haka sai ka ƙara kuɗin jirgin cikin gida. Nan matsala take: tikiti biyu ne daban, in jirgin Kano ya makara ka rasa na Istanbul, asarar taka ce. Kuma kilon da na gida ke yarda da shi bai kai na waje ba, ranar dawowa sai ka biya kuɗin ƙari a Abuja.

Duba tikitin kafin ka biya. In an rubuta 2PC, jaka biyu ke nan, galibi kilo 23 kowacce, kuma ba za ka haɗe su jaka ɗaya mai kilo 46 ba, domin ba a karɓar wadda ta wuce 32. Jakar hannu kilo 8 a Turkish, 7 a Ethiopian. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya.

Sai batun yada zango: Turkish a Istanbul yake yada shi, Ethiopian a Addis Ababa. Filin Istanbul makeke ne, tafiyar ƙafa tsakanin ƙofofi kan ci lokaci sosai, kada ka yarda da tazarar awa ɗaya. Otel ɗin da Turkish ke bayarwa ga masu dogon jira yana wajen filin, mai fasfon Najeriya ba ya fita sai da biza. Ethiopian kan kwantar da mai jiran awa 8 zuwa 24 a otel, amma ka tabbatar wajen ejan tun kafin tafiya.

Mai tashi daga Kano da kaya masu nauyi, Ethiopian ya fi masa sauƙi. Mazaunin Abuja da ke son ya biya ta kasuwannin Istanbul, Turkish ne nasa, muddin bizarsa na hannu.