Citicoline: abin da ke cikin kwalin da abin da bincike ya nuna

Citicoline, sinadarin da ake sayarwa don lafiyar ƙwaƙwalwa, na zuwa kasuwa da fuska biyu. A asibiti da kemis magani ne, wanda aka fi sani kuwa shi ne Somazina na kamfanin Ferrer na ƙasar Sifaniya: akwai ƙwaya mai miligiram 500, akwai na ruwa mai miligiram 100 a kowace mililita, sai allura ta 500 ko 1,000. A kantunan intanet kuma ƙarin abinci ake kiransa, kafso ne na miligiram 250 ko 500, da yawansu ɗauke da tambarin Cognizin na kamfanin Kyowa Hakko na Japan. Sinadarin ɗaya ne, kwali da farashi da alƙawari ne suka bambanta.

Jiki da kansa yana haɗa wannan sinadari a hanyarsa ta gina kitsen da ke bangon ƙwayoyin halitta, hanyar da masani Eugene Kennedy ya bayyana a 1956. Idan aka haɗiye shi, hanji na raba shi gida biyu: kolin, sinadarin gina jiki da ake samu a abinci irin su ƙwai, da wani sinadari mai suna sitidin. Sitidin ya rikiɗe zuwa yuridin, su bi jini, ƙwaƙwalwa ta sake harhaɗa abinta. Daga kolin ɗin ne kuma ake samun asetilkolin, ɗan aiken da jijiyoyi ke amfani da shi wajen koyo da riƙe abu. A gwajin da aka yi kan ɓeraye citicoline ya yi abin a-zo-a-gani, domin ya rage girman wurin da ke mutuwa a ƙwaƙwalwa bayan toshewar jijiya. A nan masu talla ke tsayawa da labari.

A jikin mutane kuwa, inda aka fi rubuta shi, wato shanyewar ɓarin jiki, a nan ya fi ba da kunya. Gwajin ICTUS da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya ƙunshi marasa lafiya 2,298 a Sifaniya da Fotugal da Jamus. An fara ba su cikin awa 24 da kamuwa: miligiram 1,000 ta jijiya duk awa 12 har kwana 3, sannan ƙwaya, miligiram 2,000 a rana, har mako 6. Rabin mutanen na bogi aka ba su, wato wanda babu magani a cikinsa, don a kwatanta. Da aka duba a kwana na 90, farfaɗowar ɓangarorin biyu kusan ɗaya ce, har ma an tsayar da gwajin kafin lokacinsa saboda an ga ci gaba da shi ba zai sauya komai ba. A shekarar dai mujallar JAMA ta fitar da gwajin COBRIT na Amurka, a kan mutum 1,213 da suka bugu a ka, miligiram 2,000 kullum har kwana 90. Nan ma shiru. Da ƙungiyar Cochrane, mai bitar binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 10 a 2020, ta ce bambancin da yake kawowa wajen mutuwa ko naƙasa kaɗan ne ko babu.

Wannan ya shafi iyalai a Kano ko Maraɗi kai tsaye. Baba ya faɗi, baki ya karkace, an miƙa wa 'ya'ya takardar magani mai tsawo, kuɗi kuma ba su kai ba. Sai a sayi citicoline mai tsada, a bar hoton ƙwaƙwalwa, a tsallake ranakun gashi, maganin hawan jini ya ƙare ba a sabunta ba. An yi gyaran gangar auzinawa. Idan dole sai an zaɓa, a tambayi likita ƙarara wanne ne ba a wasa da shi. Allurar narkar da gudan jini ma galibi iyakarta awa 4 da rabi daga fara alamomi, don haka zama a gida ana ɗura wa mara lafiya citicoline na ruwa ɓata lokaci ne, ga haɗarin shaƙewa idan haɗiya ta taɓu.

A ɓangaren mantuwar tsufa akwai ɗan abin kamawa. Bitar Cochrane ta 2005 ta ga alamun amfani ga tunawa da ɗabi'a a tsofaffi masu matsalar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, amma na gajeren zango. Binciken IDEALE na Italiya a 2013 ya ba da miligiram 1,000 a rana har wata 9, makin gwajin ƙwaƙwalwa na masu sha ya tsaya cik, na marasa sha ya sauka. Raunin binciken shi ne kowa ya san abin da yake sha, kuma babu na bogi. Wanda masu sayarwa suka fi ɗagawa shi ne na 2021 a Journal of Nutrition: mutum 100 masu shekara 50 zuwa 85, Cognizin miligiram 500 kullum har mako 12. Masu shan sa sun fi masu shan na bogi a gwajin tuna abubuwa biyu-biyu da aka haɗa musu. To amma ma'aunin da aka tsara gwajin a kansa tun farko bai nuna bambanci ba, kuma kamfanin da ke yin kayan ne ya ɗauki nauyin aikin. Da aka kai irin waɗannan hujjoji gaban hukumar kula da ingancin abinci ta Turai, EFSA, a 2024 ta ce ba a tabbatar cewa shan citicoline na kyautata tunawa ba. Ga ɗalibi lafiyayye mai shirin jarrabawa, hujjar ta fi haka siranta.

Inda citicoline ya cancanci yabo shi ne rashin cutarwa. Ko a manyan gwaje-gwajen nan masu miligiram 2,000 a rana, illolinsa ba su zarce na bogi ba. Abin da aka fi kuka da shi ciwon kai ne, tashin zuciya, gudawa da rashin barci, shi ya sa shan safe ya fi na dare. Yana ƙara wa levodopa, maganin cutar Parkinson, ƙarfi, don haka mai cutar Parkinson kada ya fara sai da sanin likitansa. Mai ciki da mai shayarwa su bar shi. Tarayyar Turai ta ƙayyade miligiram 500 a rana ga ƙarin abinci, kuma ba don yara ba.

Mai saye don neman kolin kawai ya yi lissafi: kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin citicoline ne kolin, wato kafso na 500 na ba da wajen miligiram 100. Babban ƙwai ɗaya na da kusan 147.

Wanda duk da haka yake son gwadawa, ya fara zuwa a auna masa jini da suga, a duba maƙoƙo da bitamin B12, musamman mai shan maganin suga na metformin shekara da shekaru, domin ƙarancin B12 na kawo mantuwar da ake warkarwa. Rashin barci da ciwon damuwa ma haka suke. A kan kwali ya nemi lambar NAFDAC, ranar lalacewa, da adadin miligiram na citicoline shi kaɗai. Gaurayen da ya jera sinadarai goma a ƙarƙashin jimla ɗaya a ajiye shi, don ba a san nawa ne a ciki ba. Sannan miligiram 500 da safe har mako 12, ba tare da an ƙara wani sabon abu ba. Kafin a fara, wani na gida ya rubuta takamaiman abubuwan da ake mantawa, irin su shan magani, raka'o'in salla, ko inda aka ajiye makulli, da sau nawa a mako. A ƙarshen mako na 12 a sake ƙirgawa, idan lissafin bai motsa ba kada a sayi kwali na gaba.