Sharhi: AnTuTu, Geekbench da 3DMark, wanne ne makinsa ya isa a dogara da shi?

Masu tallan waya sun mayar da makin AnTuTu tamkar hujjar ƙarshe, daga manyan kamfanoni har ɗan kasuwar da ke Farm Centre a Kano. Manhajoji uku ne suka fi yawo wajen gwada ƙarfin waya: AnTuTu, Geekbench da 3DMark. Bayan na yi aiki da su a wayoyin Android manya da ƙanana, hukuncina shi ne 3DMark ce ta fi cancantar a ɓata mata lokaci, ita ɗin ma ɓangare guda nata.

Dalili shi ne magudi, kuma magudin ba shi da wuya. Kowace manhaja tana da sunan da tsarin Android ke gane ta da shi. Kamfani zai rubuta sunayen manhajojin gwaji a cikin waya, da zarar an buɗe ɗaya sai wayar ta ɗage iyakar zafin da aka sa mata, ta ɗaure furosesa, wato ƙwaƙwalwar waya, a ƙololuwar gudunta. An rufe manhajar, komai ya koma yadda yake. Kwandon tumatir ne, manyan a sama.

A 2013 shafin AnandTech ya gano cewa Galaxy S4 mai furosesar Exynos tana tsayar da gudun ɓangaren zane, wato mai sarrafa hoton da ke kan allo, a 480MHz in ana wasa, amma ta sake shi zuwa 532MHz in ta ga manhajojin gwaji irin su AnTuTu da Quadrant. Samsung ta musanta cewa da gangan ne, sai dai a 2019 ta amince ta biya dala miliyan 13.4 don sasanta ƙarar da aka shigar a Amurka kan makin S4. A 2018 kamfanin UL, mai 3DMark, ya gwada wayoyin Huawei da kwafi biyu na manhajarsa: wanda kowa ke saukewa, da wani na cikin gida mai aiki iri ɗaya amma da wani suna. Makin kwafin da wayar ta gane ya ɗara na ɗayan da har kashi 47 cikin ɗari, aka cire P20, P20 Pro, Nova 3 da Honor Play daga jerin makin 3DMark. Oppo Find X da F7 suka bi sahu a shekarar.

Wanda ya fi shafar kasuwarmu shi ne na 2020, saboda furosesar MediaTek ce a cikin yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi. AnandTech ya lura Oppo Reno3 Pro mai furosesar Helio P95 ta doke wata waya mai furosesar Dimensity 1000L a manhajar gwaji ta PCMark, alhali ta biyun ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Da aka tona sai ga wani fayil mai ɗauke da sunayen manhajojin gwaji, an haɗa su da wani yanayi na musamman da ke sakar wa furosesa mara. Fayil ɗin ya bayyana a wayoyin kamfanoni daban-daban, abin da ya nuna daga wajen MediaTek ya taho. Amsarsu ita ce haka masana'antar ke yi, suna nuna iyakar abin da furosesar za ta iya ne. To, amma mai waya ba zai taɓa ganin wannan iyakar a WhatsApp ko a wasa ba.

AnTuTu ita ce mafi rauni a wajena. Tana tara maki huɗu, na furosesa, na zane, na ma'adana da na saurin amsawa, ta ba ka jimla guda mai sifili rututu. Waya mai ma'adana mai sauri za ta iya rufe raunin zanenta a cikin jimlar ba ka sani ba. Makin tsohon zubi ba ya daidai da na sabo, masu talla kuma ba kasafai suke faɗin wanne suka yi amfani da shi ba. A 2020 aka cire ta daga Play Store, ya zama sai an je shafinsu, masu saukewa daga shafukan bayan fage kuwa suna kwaso gurɓataccen kwafi.

Geekbench ta fi ta tsabta. Maki biyu take bayarwa, na ƙwaya ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke aiki a furosesa da na dukkansu, kuma na farkon ya fi nuna yadda waya za ta buɗe manhaja da shafin intanet. Masu ita ba sa jin nauyin kowa: sun cire OnePlus 9 da 9 Pro daga jerin makinsu a 2021, sun cire zuriyar Galaxy S10 zuwa S22 a 2022. Matsalarta gajarta. Cikin 'yan mintoci ta gama, da ɗan hutu tsakanin aiki da aiki, wayar ba ta kai ga gumi ba. Kada kuma a gwama makin Geekbench 5 da na 6, ma'auninsu daban.

Abin da ya raba 3DMark da su shi ne Wild Life Stress Test. Gwajin Wild Life na yau da kullum minti ɗaya ne, wannan kuwa yana maimaita shi sau 20 a jere, kusan minti 20 babu numfasawa. A ƙarshe za ka ga makin zagaye mafi kyau, makin mafi muni, da kason ɗorewa, tare da zanen yadda zafi ya hau da yadda batir ya sauka. Kyauta ce a Play Store, amma kowane gwaji sai an sauke shi daban, don haka a nemi wayifai.

Kafin a fara, a cire waya daga caja a cire mata riga, domin caji da riga duk suna ƙara zafi. Batir ya wuce rabi, a kashe yanayin tattalin batir, a kashe duk wani yanayin wasa ko na ƙarin ƙarfi, a rufe sauran manhajoji. A ajiye ta a kan tebur a inuwa ta huce tukuna. Waya biyu da za a gwama dole a gwada su a ɗaki ɗaya a lokaci guda, don sakamakon da aka samu a ɗaki mai iyakwandishan ba zai yi daidai da na shago a tsakar zafin watan Afrilu ba.

Wajen karanta sakamako ne mutane ke kuskure. A ce waya ta fara da maki 6,000 ta ƙare da 3,600, ɗorewarta kashi 60 kenan. Wata ta fara da 2,000 ta ƙare da 1,980, ɗorewarta kashi 99. Ta biyun ba ta fi ba, ƙarfinta ne bai kai ya haifar da zafi ba. Makin zagaye mafi muni shi za a duba, shi ne abin da za ka samu bayan ka daɗe kana wasa. Sannan a sa ido kan zafi. Waya mai babban maki da ɗorewa kusan ɗari, amma bayanta ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, batir kuma ya zube, akwai alamar an ɗage mata iyakar zafi ne saboda ta gane gwajin. Wasu ma kan katse gwajin da kansu su fito da gargaɗin zafi kafin zagaye na 20.

Akwai nau'in magudin da 3DMark ma ba ta kamawa. Abin da ya jawo wa Samsung fushi a 2022 shi ne Game Optimizing Service, wata manhaja ta cikin waya da ke rage gudun wasanni amma ta ƙyale manhajojin gwaji. Maki na gaskiya ne, wasan ne aka tauye. Sai da aka laƙaba wa manhajar gwaji sunan wasan Genshin Impact sannan maki ya faɗo warwas. Samsung ta fitar da gyaran da ya ba mai waya damar fifita ƙarfi. Mai saye ba shi da kwafin sirri irin na UL, don haka bayan gwajin sai ya buɗe wasan da yake yi da gaske ya buga na rabin awa, ya lura ko hoto na sarƙewa bayan wayar ta ɗumama.

Wild Life na buƙatar Android 10 zuwa sama da RAM aƙalla 3GB, kenan ƙananan wayoyi da yawa ba za su ɗauke shi ba. Kuma zane kawai yake aunawa, babu ruwansa da kyamara, ƙarfin sabis ko daɗewar batir a aikin yau da kullum. Wanda kira da WhatsApp da kallon bidiyo ne harkarsa, makin ƙwaya ɗaya na Geekbench ya wadatar da shi, bayan ya leƙa jerinsu ya tabbatar ba a cire wayar ba.