Man gogamasu na kyasbi: ya yi aiki a gadon baya, ya ƙone wa 'yata wuya

Masu tambayata a kan man gogamasun nan mai farin murfi da ake ta yayi a WhatsApp, ga abin da na gani da idona. Wata mata ce ke sayar da shi a roba, tana tallarsa a matsayin maganin kyasbi.

Saboda 'yata ta biyu na saye shi. Tun shigowar bazara kyasbi ya feso mata a baya da kafaɗu, har ya fara haurowa wuya. 'Yar sakandare ce, kullum cikin hijabi da zufa, kuma abin ya dame ta ƙwarai. Sunan ganyen ne ya ja ni, don ba baƙo ba ne a wurina. Gogamasu ciyawa ce da ke fitowa da damina a gefen gona da bakin hanya, har a tsakar gidan da ba a yi wa siminti ba. Gajeruwa ce, ganyenta biyu-biyu ne masu ɗan kaushi, da ƙananan fararen furanni a cure a gaɓoɓinta. Masana tsirrai suna ce mata Mitracarpus. Muna yara a ƙauye ita ake murzawa a goga wa mai makero ko kyasbi, kuma kowa ya san tana da zafi. A talla an ce an haɗa ta da man kaɗanya don ta yi laushi a fata.

Tsakani da Allah, a gadon bayanta ya yi aiki. Ƙaiƙayin ya lafa, garin nan da ke tashi idan an sosa ya daina, zanen bai ƙara yaɗuwa ba. Har na fara yi wa wata maƙwabciyata kwatancensa.

A wuya aka samu matsala. Abin da aka rubuta a jikin robar bai wuce "a shafa safe da dare a duk inda cutar take" ba. Babu gargaɗi ko ɗaya. Daren da ta shafa a wuya, bayan isha'i, sai ga ta a ɗakina tana fifita wurin da bangon littafi, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Umma, kamar an zuba min barkono." Nan take na wanke mata da ruwan sanyi da sabulu. Da gari ya waye wurin ya yi jawur, ya tashi da ƙananan ƙuraje masu ruwa, daidai inda bakin hijabi ke gogawa. Ranar ko makaranta ba ta je ba. Daga baya fatar ta saɓule ta bar baƙin tabo da ya kai faɗin tafin hannunta, alhali kyasbin da ke wurin bai wuce 'yan ɗigo-ɗigo ba.

Na ɗauki hoto na tura wa mai man. Sai da yamma ta amsa da saƙon murya, hankalinta kwance: "Hajiya, kar ki damu, ai alamar yana aiki ke nan, cutar ce ke fita. Ta ci gaba da shafawa." Ta ci gaba da shafawa a kan ɗanyen ciwo! Ko sannu ba ta yi wa yarinyar ba. Da na nuna ɓacin raina, sai ta ce akwai wani sabulunta na goge tabo, in ina so a haɗo min. Wallahi wannan maganar ta fi ƙunar yi min ciwo.

Da Inna ta ga wuyan jikarta sai ta yi salati ta ce, "Wa ya ce muku ana kwana da gogamasu a jiki?" Ta ce su a da kaɗan suke gogawa, a kan zanen kawai, kuma ba a kai ta fuska ko wuya ko matsematsi, balle jikin jariri. Wannan sanin tsohuwa tana da shi, amma wadda ta ɗura abu a roba tana karɓar kuɗin mutane ba ta ga ya kamata ta rubuta shi ba.

Wani mai ilimin haɗa magunguna a unguwarmu shi ya duba mana ciwon, ya ce a bar wurin ya huta har ya warke. Shi ya fahimtar da ni cewa abin da ke kawo kyasbi wani fangas ne, wato wata irin ƙwayar cuta, da ke zaune a fatar kowa, zafi da zufa da maiƙo ke sa ya yi yawa, shi ya sa yake yawan dawowa da bazara. Ya ce ko fangas ɗin ya mutu, farin zanen kan ɗauki watanni kafin launin fata ya daidaita, kuma a nan mutane ke ta ƙara shafe-shafe suna zaton bai warke ba. Ya ba 'yata man clotrimazole da sabulun ruwa na ketoconazole, ya kuma gargaɗe mu da mayukan nan masu haɗi uku da ke ɗauke da siteroyid, don suna kwantar da ƙaiƙayi ne cutar na ci ta ƙasa.

Da na miƙa masa robar ya karanta, sai raina ya sake ɓaci. An jera kyasbi, makero, ƙora, ƙazuwa da ƙurajen fuska, wai duk yana magani. Ya ce ƙorar kan yaro shafi kaɗai ba ya kashe ta, sai an sha magani irin griseofulvin na makonni, ita kuwa ƙazuwa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke shiga fata, hanyarta daban. Ku yi tunanin uwar da za ta lafta wa ɗan shekara uku wannan man a ka. Ga shi babu lambar NAFDAC, babu ranar haɗawa ko ta lalacewa, ba a faɗi yawan ganyen da ke ciki ba.

Ban ga laifin gogamasu ba, ciyawa ce mai amfani a hannun wanda ya san ta. Amma wannan man ba zan sake saya ba, kuma na koma na gaya wa maƙwabciyata ta dakata. Wadda ta riga ta saya, ta ɗan gwada a cikin damtse ta jira kwana biyu ta gani, kuma kada ta kai shi wuya, fuska ko jikin ƙaramin yaro. Ban nemi a mayar min da kuɗina ba. Abin da na roƙi matar shi ne ta buga gargaɗi a jikin robar, kuma har yau tallarta na nan yadda take, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.