Tukunyar da ta dace da gidan abincin ƙauyen Faransa

Kuku mai gidan abincinsa na kansa, wanda ke dafa abincin karkara irin na Faransa, kuɗinsa na farko a tukunya suke tafiya. Girkin nan ba na gaggawa ba ne. Cassoulet, wato farin wake da naman agwagwa na garin Castelnaudary, awanni yake yi a tanderu. Tukunya mai siririn gindi ƙona shi za ta yi tun waken bai nuna ba.

Yawancin masu saye tsakanin kamfanoni biyu suke kai-kawo. Le Creuset tun 1925 yake zuba tukwanen baƙin ƙarfe a Fresnoy-le-Grand, arewacin Faransa. Staub kuwa a 1974 ya fara a yankin Alsace, kamfanin Zwilling na Jamus ya saye shi a 2008. Dukansu an shafe su da ruwan tangaran, don haka tumatir da kayan tsami ba sa cin ƙarfen.

Bambancin yana ciki. Cikin Le Creuset fari-fari ne, kana kallon albasa tana sauya launi, ka san lokacin da za ta ƙone. Yaron kicin da bai ƙware ba zai ji daɗinta. Amma bayan wata biyu na aikin kullum, farin nan ya dafe, kankara kuma ba ta mayar da shi. Cikin Staub baƙi ne mai ɗan kaushi, yana soya nama ya yi ja sosai, ba ya nuna tabo. Ɗaga murfinta ka juya shi: za ka ga ƙananan ƙusoshi a jere, tururi na taruwa a kansu ya riƙa ɗiga kan naman. Ga mai dafa kafaɗar rago awa 4, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni dai Staub zan ɗauka don kicin, wajen wuta. Sai dai ta fi nauyi. Mai faɗin santimita 28 ta haura kilo 6 tun ba a zuba komai ba, kuma hannu ne zai ɗaga ta safe da yamma.

Akwai kuma cassole, kaskon yumɓu mai faɗin baki da aka san ƙauyen Issel da shi, wanda cassoulet ya samo sunansa daga gare shi. Faɗin bakin ne ke sa saman waken ya yi ɓawo. Yana da araha, yana kyau a gaban baƙo, amma kamar tukunyar ƙasa ta gida, ruwan sanyi a kan zafi tsaga shi yake yi. A saya da rara.

Jan ƙarfen kamfanin Mauviel na yankin Normandi kuwa a bar shi sai ciniki ya zauna. Tsada gare shi, sai an yi ta gogewa, kuma yawancinsa ba ya hawa murhun lantarki mai maganaɗisu, alhali baƙin ƙarfe yana hawa lafiya lau.