Kulle, allura ko tiyata? Kafin ka hana mage ko kare haihuwa

Duk mai mage a gida ya san zancen, ka kawo ta saboda ɓera kafin shekara ta zagayo gida ya cika da 'ya'ya, don cikinta kwana 63 zuwa 65 ne kawai kuma tun tana wata 4 ko 5 za ta iya ɗauka, a shekara ta haihu sau biyu ko uku. Ƙarshe a zuba su a kwali a kai bola, wallahi abin ba daɗin gani.

Mafi arha dai kulle ne. Ga karya yana yiwuwa, tunda kamar sau biyu a shekara take neman barbara, sati 2 zuwa 3 ka tsare ta shikenan. Mage kuwa manta kawai, katanga ba komai ba ce a wajenta, ga kukan dare kamar jariri.

Sai allura, irin su Depo-Provera (allurar tazarar haihuwa ta mata) da wasu ke ɗirka wa dabba don tana da sauƙin kuɗi. Ni dai ban ba da shawara ba gaskiya. Sai an yi ta maimaitawa, kuma tana iya sa mahaifa ta tara mugunya ko ƙari ya fito a nono, daga nan tiyatar da ka guda ita za a yi cikin gaggawa da tsada dabbar kuma tana tsakanin rai da mutuwa. Arha ba ta ado.

Tiyata sau ɗaya ce an gama, amma na namiji da na mace ba ɗaya ba ne. Fiɗiyar muzuru aikin 'yan mintuna ne sau da yawa ko ɗinki ba a yi, kuma yawo da faɗa da fitsarin nan mai wari da yake fesa wa bango duk suna raguwa. Mace kuwa ciki ake buɗewa a cire mahaifa da ƙwayayen, shi ya sa ta fi tsada, ɗinkin ya yi kwana 10 zuwa 14 kana hana ta lasa. Kuɗin kare ya fi na mage don da nauyin jiki ake auna maganin barci. Masu tsoron karen gadi zai zama rago su kwantar da hankali, haushinsa na nan, ƙiba ce matsalar sai a rage masa abinci. Manyan karnuka irin na 'yan sanda kuma likitoci da yawa sun fi son a bari su kai shekara tukuna.

Wanda zai yi aikin ma abin dubawa ne. Don Allah kar a kai wa mai dandaƙar raguna da bijimai, roba ko ƙarfen matsewa ba na kare da mage ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi, ga asibitocin jiha da masu zaman kansu. Ka tambaya tun farko, kuɗin ya haɗa da maganin barci da na ciwo da cire zare? Awa nawa za a hana ta abinci kafin aikin?

In kun dawo gida ka ga tana jin jiki kira likitan, kar ka kuskura ka ba mage farasitamol, ƙwaya ɗaya ma tana iya kashe ta.